Ɗan Aike Ya Ƙi Shiga Ɗakin Umma

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Umma na gaishe ki, gwiwar tata da sauƙi.

Na samu saƙonki cewa in ba zan iya kula da ita ba za ki zo ki tafi da ita. Don Allah kar ki yi min haka. Shagon gyaran rediyon nan ne ke riƙe ni a ƙofar gida, shi ya sa na ƙera ɗan amalanke mai tafiya da kansa, ya riƙa kai mata ruwa da magani. Na sa masa suna Ɗan Aike.

Ƙwaƙwalwarsa ce ta hana ni sakat, wato 'yar na'urar da ke ba shi umarni. Aiki ɗaya take iyawa: in yana tafiya ba ya gani, in yana gani ba ya tafiya. Jiya ya yi karo da kujera ya yi wa tabarma wanka. Mai kantin kayan lantarki ya nuna min wata mai haɗa ayyuka da yawa lokaci guda, da wata da ake tsayarwa tsakiyar aiki a leƙa ta kwamfuta a ga inda ta kuskure. Ya yi ta zuba bayani har kaina ya ɗaure. Na ce ya ba ni wadda ta iya duka biyun, na fito ban tabbata abin da na saya ba.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai dai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Ɗan Aike ya warke, yana kauce wa kujera abin sha'awa. Amma da ya isa ƙofar Umma sai ya ƙame, ya kama ƙara. Na canja idonsa, na canja batir, duk a banza. Kullum sai na bar shago na kai kofin da hannuna, ita kuma ta ce tun da na zo in zauna, ta ɗauko labarin marigayi Baba.

Yau na jona shi da kwamfuta na tsayar da ƙwaƙwalwar a daidai ƙofar. Ta nuna akwai abu siriri a gabansa. Na je na duba, babu komai! Na sake sakinsa, na laɓe bayan labule.

Yaya, sandar Umma ce. Da ta ji ƙarar tayoyinsa sai ta gitta ta a ƙofa, da ta ji takuna sai ta janye.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, kuma ban nuna mata na gani ba. Ɗan Aike ya koma shago, kusoshi yake riƙe min.

Kar ki zo ɗaukarta. Ki zo dai ki zauna, ke ma ta tara miki labari.

Naki har kullum,
Auta