Awa Uku Daga Mosko

Hadejia, daren Laraba, 1987

Ƙanena Habu ya dawo yau daga karatu a Mosko, Inna har da guɗa. Muna cin tuwo na tambaye shi awa nawa jirgi ya yi zuwa Kano.

"Uku, Yaya," ya ce, idonsa a kwano.

Jidda ma kusan awa biyar Baba ya yi a jirgi da ya je Hajji. Ɗazu na ɗauko taswirar da nake koyarwa da ita, na auna da zare. Mosko ta fi nisa ƙwarai.

To ina yaron nan ya yi shekara huɗu? Inna ta gayyato dangi daga Kirikasamma, za su zo jibi. Gobe zan ja shi bakin kogi, mu biyu kawai. Allah ya sa ni ne na yi kuskure.