Bulon da Na Ɗauke

Daren Laraba, Rijiyar Lemo

Da la'asar ƙofar garejinmu ta faɗo, daidai inda ƙanwata Ummi take wasa. Allah ya sa ta tashi shan ruwa. Kujerarta ta roba ta yi raga-raga.

Tun da aka fara gyaran gida, mai waldan Sabon Gari ya ce, "Alhaji, a fara da ƙofar nan kafin fenti, tsatsa ta cinye gindinta." Baba ya ce sai an gama falo, ya tokare ƙofar da bulo.

Ni na ɗauke bulon. Na taka shi don in shanya hijabina, na manta ban mayar ba.

Ba wanda ya sani. Baba ya ɗora wa leburori laifin, gobe zai sallame su. Ƙofar kuma an sake tokare ta da bulon nan dai.

Ban taɓa tarar Baba da magana ba. Amma gobe kafin ya fita zan gaya masa, ko da kuka ne. Ummi tana barci a gefena, sai taɓa ta nake yi.