Mul ɗin da Ilya Ya Ƙi Dafawa

Pari, watan Agusta

Matata Hassia,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da Aïcha, da mutanen Vénissieux? Ni lafiya lau, sai dai abinci ya ƙi shiga.

Patron, mai gidan abincin da nake aiki, ya kai ni bakin teku da kamiyo, babbar motar kaya, ɗauko mul na restoran. Kin san shi, makankarin nan na ruwan gishiri da Turawa ke ci. Ana kiwonsa jikin turaku, cikin ruwa. Hassia, wari ya tarye mu tun daga hanya. Fiye da rabi sun mutu, baki a wangame, ƙuda sun rufe su. Sai da na yi amai.

Tsohon da ke kiwon ya ce zafin bana ya ɗumama teku har suka kasa numfashi. Daga baya ruwan sama ya kwaso ƙazantar masai ta garin ya zuba musu. Su kuwa ruwa suke tacewa su ci, duk dauɗar da ke ciki a cikinsu take zama. Hukuma ta hana sayarwa. Amma patron ya ja ɗan tsohon, mai taya uban aiki, gefe suka yi ciniki, muka dawo da buhuna.

Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Ilya

Pari, watan Satumba

Hassia tawa,

Ina gajiya, ina ɗawainiyar gida? Ki shafa mini kan Aïcha.

Na bar aikin. Patron ya ce in zuba tafarnuwa da yawa, wuta na kashe komai. Na buɗe buhu, wani ruwa mai yauƙi ya bi hannuna. Na tuɓe rigar kicin na fita. Amine, abokin aikina, shi ya dafa, ya kuma ɗanɗana. Kwanansa uku a gidan likita, shi da wata tsohuwa da ta ci. An rufe restoran ɗin.

Da na fita ban gaya wa kowa mul ɗin ya lalace ba, tsoro nake a taɓa takarduna na zama a ƙasar. Jiya na je ganin Amine, ya rame, ya juya mini baya.

Alkawarin da na yi na kama mana ɗaki a Pari ya sha ruwa, ki gafarce ni. Zan hawo jirgin ƙasa ranar Asabar. In kina da hali, ki tarye ni a gar, tashar jirgin.

Naki har kullum,
Ilya