Fuskar Inna a Majigin Auduga

Unguwar Nasim, Riyadh
22 ga Yuni, 2014

Zuwa ga ƙanwata Muhibba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya damina? Na ji an gama shuka a Malumfashi, Allah ya ba mu yabanya mai kyau. Ni nan lafiya lau, sai zafin gari da ƙorafin gwiwa, kuma an sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, a watan jiya. Za ki yi mamakin ganin takarda alhali duk Juma'a muna waya. Sau uku ina ɗauko maganar nan a waya bakina yana yin nauyi, shi ya sa na ce bari in rubuta, in za ki yi faɗa ki yi shi ba na kusa.

Kin san Baturiyar da nake tuƙawa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, Madam Judith, malamar makaranta. Shekara huɗu muna tare ba ta taɓa tambayar garinmu ba, sai a watan jiya da ta ji ina ambaton Malumfashi a waya. Ta sa na tsayar da mota, ta ce mahaifinta ya zauna a can. Wai sunansa Mista Tredwell, marubucin fim ne kuma shi ke ba da umarni. Bayan yaƙin duniya ya yi finafinai biyu a Landan waɗanda suka karɓu, na uku ya faɗi warwas, masu kuɗin suka juya masa baya. Da ya rasa madafa ya karɓi aikin gwamnati, ya zo ƙasarmu a 1956 yana haɗa majigin koyar da noman auduga, irin wanda ake haskawa a ƙofar gidan hakimi. Da ya koma ya sake yin wasu, amma talabijin ta riga ta kwashe 'yan kallo, har ya ƙare da tallar sabulu, ya mutu ba mai tuna shi. Ta ce duk cikin aikinsa majigin audugar nan kaɗai yake iya kallo bai rufe ido ba.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ta kira ni falonta, ni da Ghali mai ba fulawa ruwa, ta sa mana majigin a faifai. Ba kala, ba murya. Ga kasuwar auduga, ga jakuna, ga ma'auni a ƙarƙashin tsamiyar nan da aka sare. Sai ga wata budurwa ta sauke kwando daga kanta, ta juyo ta dubi mai ɗaukar hoto ta yi dariya. Muhibba, Inna ce. Shekarata tara ta rasu, ba zan kasa gane ta ba. Ko da ina da shakka, Madam ta buɗe littafin da mahaifinta yake rubuta sunayen 'yan wasa, na ga sunanta, kusa da shi an rubuta 'yar Maiwada mai awo, wato kakanmu.

Kin fi kowa sanin abin da wannan yake nufi. Kina goye ta bar duniya, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kuma tun kina ƙarama kike damuna da tambayar kamanninta, ni kuma ina ce miki doguwa ce, in yi shiru. To ga ta a gabana tana motsi. Kafin in dawo hayyacina sai Ghali, da bakinsa da ba ya shiru, ya ce kai, ashe 'yanmatan da ma sun iya kashe ido. Uwata ce, kanta ba mayafi, tana dariya a gaban Bature, ga wani ƙato yana yaba ta. Madam ta tambaye ni ko na san wani a ciki, sai na ji bakina ya ce a'a, garin dai na gane. Ina da shekara hamsin da shida na yi musun mahaifiyata saboda Ghali.

Allah ya sake ba ni dama, na sake zubarwa. Da za mu fita ta ce ko ina so ta kwafa mini faifan? Na ce haba, kada ta wahalar da kanta. Kin san yadda aka raine mu, in an miƙo maka abu ka ce ka gode, a sake miƙowa ka noƙe, sai a na uku ka karɓa da hannu biyu. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran na biyu. Ita kuwa ta ce to shi ke nan, ta mayar da shi cikin akwati. Su a wurinsu a'a ɗaya ta wadatar, kuma shekara huɗu ina aiki da ita, ya kamata a ce na san haka.

Na yi ta cewa gobe zan tambaye ta in Ghali ba ya nan. Ana haka aka kira ta cewa yayarta ba lafiya, ta ajiye aiki, ta haɗa kaya cikin kwana biyar. Ni na kai ta filin jirgi, akwatin yana bayan mota, hanyar minti arba'in, na buɗe baki ya fi sau goma ban ce komai ba. Yanzu layinta na nan ya mutu. Makarantar sun ce ba sa ba da adireshin ma'aikaci, sun dai karɓi saƙona sun ce za su tura. Mako uku ke nan shiru. Ta taɓa cewa za ta miƙa kayan mahaifinta ga wani gidan adana tarihi a Landan, ban ko tambayi sunansa ba.

Ba ni kaɗai na yi wa asara ba, haƙƙinki ne na bari ya shiga jirgi, kuma abin yana cin raina. Ki yafe mini. Abin da ya rage a hannuna shi ne abin da idona ya gani, to ga shi. Tana da wushirya. Girarta ta hagu ta ɗan fi ta dama tashi. In dariya ta kama ta takan kai bayan hannu ta rufe baki, ta karkatar da kai gefe. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa yin dariya tana dubana ba, shi ya sa ban san haka take yi ba sai ranar. Amma na san wadda take yin haka tun tana rarrafe, har nakan ce mata ta daina. Kada ki daina.

Ki gaida Malam da kyau, da Baba Hajar, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ki gaida Kamil da Ruƙayyatu, da Balkissa da jaririnta. Ku sa Inna a addu'a, ni ma ku sa ni.

Naki, yayanki mai neman afuwa,
Inuwa