An Bar Ni da Awaki

Magarya, daren Laraba, kakar 1976

Ni na ce tunda Inna ta cika saba'in bana, mu kai ta Kano ta ga ƙanwarta da aure ya raba su. Ni na nemo motar. Yau Yaya Sale ya zo daga Dungas yana raba wurin zama, shi da Inna a gaba.

Na ce ni fa? Ya ce, "Ke ce auta, ki tsare gida da awaki."

Mutumin da bai ma san ƙafar Inna tana kumbura in ta daɗe zaune ba. Ita kuma ba ta goya mini baya ba, wannan ya fi ci mini rai.

To, ranar tafiya da awakin zan zo tasha. Sai ya nema musu wuri kusa da shi.