Baƙin Man Baba Idi

Daren Talata, Rusaifa, Makka

Yau ma ban ɗora kaskon suyar kifi ba. Yaya Sale ya dawo daga bakin tekun Shu'aiba da kular kifinsa kusan wayam. Ya ce tun ruwan saman da aka yi, bakin kwarin nan da ke shiga teku, inda kifi ke hayayyafa, ya cika da leda da baƙin mai. Masunta sun haɗa kai da manoma da masu gyaran mota na can sama, kowa ya kula da abin da yake zubarwa a hanyar ruwa. Shi suka wakilta ya yi wa unguwarmu magana. Na ce Allah ya ba da sa'a, don na san mutanena.

Da la'asar hadari ya haɗo, sai ga maƙwabcinmu Baba Idi mai garejin gyaran mota yana tuttule jarkar baƙin mai a magudana. Na ce, "Baba, don Allah ka bari. Teku fa yake zuwa."

Ko kallona bai yi ba. "Ke 'yar nan, ina Makka ina teku? Ruwa zai tafi da shi. Haka muka taso muka ga ana yi."

Dattijo ne, na haɗiye sauran maganata, amma har yanzu tana cina.

Bayan isha'i kuma sai ga shi a ƙofata da kwanonsa, wai kifi yake so, amma ban da mai wari irin na rannan.

Na ce, "Babu, Baba. Ruwa ya tafi da shi."