Wayar Ta Cika

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe min da Auta.

Mu lafiya lau, kada ku damu. Sai dai tun ranar da wayar nan ta ce wai ta cika, hankalina bai kwanta ba. Saƙon muryar Mama ya shigo, in na danna sai ya yi ta juyawa, ya ƙi buɗewa.

Duk abin da ka ce na yi. Na kashe na kunna, na share hotuna. Katin memori kuwa, mai gyara ya ce ba ta da gurbinsa. Wai littattafan soyayyata na saurare ne suka cinye wurin. Har da dariyarsa!

Yaya, maigidan in ya fita da safe sai dare. Maƙwabta ba ma jin yaren juna. Littattafan nan ne ke taya ni hira in ina wanke-wanke. Akwai wanda ban ma ji ko jarumar ta koma gida ba.

Ka ce wa Mama ta sake turowa, ta yi doguwar magana, ta sa min albarka. Na goge su duka.

Ƙanwarka.